Ƙofar Da Ba Ta Tambayi Kalmar Sirri Ba

Ranar Litinin, ƙarfe takwas saura kwata, Baba Makulli ya buɗe ɗakin sanyi na rumbun magunguna ya shiga da takardar ƙirga a hammata. Ya fito ba hula. Ta faɗi a ciki, shi bai ma sani ba. Kanta ta uku daga hagu, inda ake jera allurar saran maciji, wayam take. Kwali arba'in da biyu, ko ɗaya ba a rage ba, ga damina ta kankama, ga asibitocin ƙauye goma sha ɗaya suna jiran rabonsu a makon.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba. Kafin ƙarfe tara Manaja ya yi bincikensa, ya yanke hukunci, ya kira 'yan sanda su zo su ɗauki ɓarawo.

Sufeto ce ta zo, tare da Sajenta. Shekararta goma sha tara tana aikin nan, kuma ba abin da ta tsana kamar a gama mata aiki kafin ta iso.

"Ranki ya daɗe, ai magana ta ƙare," in ji Manaja, yana kaɗa wata doguwar takarda. "Ga shi nan a rubuce."

Ya nuna mata yadda abin yake. Sunan Makulli dai suna ne kawai, ƙofar ba ta da makulli. Wata tsohuwar kwamfuta ce a kusurwa take buɗe ta, ita da ƙofar lodi da ke fuskantar layin baya. Kwamfutar ta yi jajir don tsufa, Saje ya rantse ta girmi aurensa. Ana iya ba ta umarni daga gabanta, ana kuma iya shiga cikinta daga nesa, ta waya ko wata kwamfutar, ta wata hanya da aka shimfiɗa shekara ashirin da wani abu, don mai kula da ɗaki ya buɗe wa motar gaggawa ranar hutu ba sai ya zo ba. A gefenta akwai firinta mai ƙara, wadda duk motsin da aka yi sai ta buga shi a naɗin takarda.

"Jiya Lahadi, ɗaya da minti goma na rana, an buɗe da sunansa," in ji Manaja. "Biyu saura kwata an sake buɗewa, da sunansa. Kalmar sirrin nan ko ni ban san ta ba. Maigadi yana ƙofar gaba, layin baya ba ya ganinsa. To me ya rage?"

"Ya rage in duba," in ji Sufeto.

A jikin ƙofar an manna takardar duba sanyi, cike da 'yan alamomin maki kala uku. Ta tambayi dalili.

"Dokar gidan nan ce tun kafuwarsa," in ji Manaja da alfahari. "Kowa da bironsa. Ni ja, mai kula da ɗaki shuɗi, mai haɗa magani kore. Da ka kalli takarda ka san hannun da ya taɓa ta."

Mai haɗa maganin na tsaye a gefe, mutum mai farar riga ba tabo, wanda ake kira Malam Tsaf. Shekararsa huɗu a rumbun. Kafin a nema ya miƙo jerin abin da ya ɓata, da lambar kowane kwali.

"Wallahi raina ya ɓaci," ya ce a hankali. "Baba kamar uba yake a gare ni. Amma mutum ba a shaidarsa a zamanin nan."

Sufeto ta karɓi jerin. Ta zagaya rumfar lodi, ta tsaya gaban wani teburin ƙarfe. A kansa akwai shatar ruwa da ya bushe, murabba'i murabba'i, sahu huɗu, kowane sahu shida, a jere reras. Ta ɗauki hoto. Sannan ta sa Saje ya kwaso naɗin takardun firinta na shekara biyu, buhu guda. Saje ya saɓa buhun yana guna-guni, wai shi ɓarayi aka ɗauke shi ya kama, ba dako ba.

A ofishin 'yan sanda Baba Makulli ya zauna ya tura hannayensa ƙarƙashin tebur. Dattijo ne siriri, rigarsa a ɓalle har wuya. Shekara ashirin da tara da wata huɗu yana riƙe da ɗakin nan, ko ƙwayar ciwon kai ba ta taɓa ɓata ba. Saura wata takwas ya cika talatin ya ajiye aiki da mutuncinsa. Sufeto ta tura masa kofin ruwa. Leɓensa a bushe, amma ya girgiza kai.

"Baba, wa ka ba kalmar sirri?"

"Ba kowa, 'yata."

"Ka rubuta ta a wani wuri?"

"A kaina take."

"Jiya da ƙarfe ɗaya kana ina?"

"Na fita."

"Zuwa ina?"

"Sata dai ban yi ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne amsar da nake da ita."

Kai, taurin kan tsoho! Sufeto ta danne fushinta, ta juya masa hoton teburin ƙarfe. Nan take fuskarsa ta canza, ma'aikacin da ke cikinsa ya farka.

"Robobin ƙanƙara ne aka shanya," ya ce. "Allurar nan ba ta son zafi, amma ƙanƙara ta fi kashe ta. In ka ciro roba daga firiza ka haɗa su kai tsaye, ka yi asara. Sai ka jera su a tebur rabin awa, su yi gumi, ka girgiza ka ji ruwa na motsi, sannan ka shirya maganin a kula, akwatin sanyi. Shi ya sa aka buɗe sau biyu. Na farko ƙanƙara aka fitar, na biyu magani."

"Wa ya san wannan a rumbun?"

"Direbobi a shirye ake ba su kaya. Manaja ɗan ofis ne. Ni ne, sai Malam Tsaf."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin ya san amsar nan igiya ce a wuyansa, kuma ya bayar da ita don gaskiya ce. Daga lokacin zuciyarta ta ƙi yarda da laifinsa, sai dai zuciya ba ta shiga fayil.

Oga, shugaban ofishin, ya kira ta da yamma. "Sunansa, kalmarsa, ya san aikin, ya ƙi faɗin inda ya je. Laraba da safe a kai shi kotu."

"Yallaɓai, a ba ni mako."

"Na ba ki gobe."

Da za ta fita ta tarar da wata dattijuwa a bencin bakin ofis, da ƙullin leda a cinya. Saje ya raɗa mata cewa matar Baba ce, tun hantsi take nan, an yi an yi ta tafi ta ƙi.

"Inna, gida za ki je ki huta."

"Wa zai ɓalle masa riga da safe?" in ji matar. Sai ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Sufeto ta zauna kusa da ita. "Ke kike ɓalle masa riga?"

"Ya sa na rantse."

"Inna, jibi kotu za a kai shi. In alƙali ya yarda da takardar nan, shekarun da za a yanka masa ba lalle ya fito da ƙafarsa ba."

Matar ta fashe da kuka marar sauti. Sannan ta kwance ledar, ga ƙwayoyi da katin likita. Shekara biyu ke nan hannun Baba na rawa. Ya ɓoye wa kowa, don dokar rumbun ta ce mai ɗaukar kwalabe sai mai lafiyayyen hannu, yana tsoron a sallame shi kafin ya cika talatin ɗinsa. Shi ya sa kullum hannu a aljihu, shi ya sa ba ya shan ko ruwa a gaban mutane. Ranar Lahadi kuwa wajen likita ya je, can wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba.

Sufeto ta ji tausayi ya kama ta, amma ta san katin likita ba zai ishi Oga ba. Zai ce daga bencin likitan ya buɗe wa abokin satarsa ta waya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne hannun. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin riga, yaya yake yi da maɓallan kwamfuta?

Talata tun bakwai na safe ta baje naɗin takardu a tsakar ofis, ita a wannan kai, Saje a wancan. Kowace shiga tana da layukanta: lokaci, suna, sai "kalma daidai" ko "kalma kuskure", sai "an buɗe".

"Karanto min na Juma'a."

"Bakwai da arba'in, Makulli, kalma kuskure. Da arba'in da ɗaya, kalma kuskure. Da arba'in da biyu, kalma daidai, an buɗe."

"Alhamis?"

"Kuskure, sannan daidai."

Suka ja baya wata guda, wata shida, shekara. Ko rana ɗaya Baba bai taɓa samun kalmar a karon farko ba. Saje ya fara dariya, ya ga fuskar Sufeto, ya haɗiye abarsa.

"Yanzu na Lahadi."

"Ɗaya da minti goma, Makulli, an buɗe."

"Ka tsallake layi."

"Wallahi, Madam, ban tsallake ba."

Ta karɓa ta duba da idonta. Ba "kuskure", ba "daidai". Suna kawai, sai ƙofa ta buɗe a cikin daƙiƙar. Ashe tun jiya kowa na kallon abin da aka buga, ba wanda ya kula da abin da ba a buga ba. Ranar Lahadi ba a tambayi kalmar sirri ba sam.

Suka bi takardun suna neman irin wannan shiga, suka samu guda ɗaya, mako uku baya, ranar Alhamis lokacin cin abincin rana. An fara, an ba da umarni huɗu, abin ya katse. Bayan minti biyu an sake daga farko, umarni shida, ƙofa ta buɗe ta rufe, ba a ɗauki komai ba.

"Gwaji ɓarawon ya yi," in ji Sufeto. "Wa yake gyara tsohuwar nan in ta lalace?"

Injiniyan da ke gyara ta ya yi ritaya. Suka same shi a falonsa, idanu biyu a naɗe da bandeji, don ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka yi masa aikin yanar ido. 'Yarsa ta ce rabonsa da ganin allon waya wata uku, saƙo ma ita take karanta masa. Saje ya soke sunansa a zuci tun kafin su zauna.

"Za a iya shiga kwamfutar rumbun ba kalmar sirri?" Sufeto ta tambaya.

Tsohon ya dafa hannun kujera. "An yi, ko?"

"An yi."

"Innalillahi! Shekara tara ina jiran ranar nan." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryarta. "Ki ɗauka masu gadi biyu ne a ciki. Na waje yana karɓar sunan baƙo ya miƙa wa na ciki, na ciki ya tambayi kalmar sirri. To tsakaninsu suna da wata 'yar alama, mai nufin wannan na riga na duba shi, bar shi ya wuce. Matsalar ita ce na wajen duk abin da baƙo ya rubuta a gurbin suna, haka zai miƙa shi, ba ya karantawa. In baƙo ya sa alamar a gaban suna, na ciki sai ya zaci abokin aikinsa ne ke magana. Shi ke nan, bismillah."

"Tun yaushe take haka?"

"Tun ranar da aka ƙera hanyar. Lokacin masu kwamfuta 'yan kaɗan ne, duk sun san juna, ba wanda ya kawo ɓarawo a lissafi. Duniya ta daina amfani da ita tuntuni, mu ne muka riƙe."

"Kai yaya aka yi ka sani?"

"Injin sanyi ya tsaya, Makulli ya tafi jana'izar yayansa inda ba waya. Magani zai lalace. Na yi ta laluben hanya har na faɗa ciki. Wallahi da ƙofar ta buɗe ban yi murna ba, gumi ne ya karyo min."

"Wa ka gaya wa?"

"Baki da baki, ba kowa. Wasiƙa na rubuta wa manajan wancan lokacin, Allah ya jiƙansa. Na ce a rufe hanyar nan. Don kada a ce ƙarya nake, na jera yadda ake yi, mataki shida. Kuma sunan Makulli na sa a misalin. Da hannuna na rubuta shi."

"Me suka ce?"

"Har yau ina jira."

Mataki shida. Sufeto ta miƙe tsaye tun kafin ya rufe baki.

Ɗakin tsofaffin takardu na rumbun yana bayan ofishin Manaja, kuma abin mamaki, fes yake, kowane fayil da shekararsa a goshi. Manaja ya ce ai wata biyu da suka wuce ya roƙi Malam Tsaf ya gyara wurin, don da ko akuya ba ta kwana a ciki. Shi kansa bai taɓa buɗe fayil ɗin shekarun da suka riga shi ba, kuma ranar gwajin nan yana taro a wani gari, ga takardar tafiyarsa.

Minti goma suka ɗauka suka samo wasiƙar. Shafi biyu. A saman na farko, da jan biron da ya koɗe, marigayi manaja ya rubuta kalma biyu: "A ajiye." Kuma an ajiye ɗin! Mutum ya rubuto cewa ƙofar maganin jama'a a buɗe take ga duk wanda ya ga dama, aka huda takardar aka sa a fayil aka tafi cin abinci. Sufeto ta ji kamar ta yi ihu. Ta buɗe shafi na biyu, ta tsaya cak, sannan ta rufe fayil ɗin a hankali.

Ta ja Saje gefe, ta rubuta masa 'yar takarda. "Ka kai wa Oga ya sa hannu, ka wuce wajen alƙali ka karɓo izinin bincike. Ga adireshin. In ka shiga gidan, firiji za ka nema."

Ƙarfe uku ta tara su a ofishin Manaja: Manaja, Malam Tsaf, da Baba Makulli, wanda ta sa aka kawo daga ofishinsu. Kafin su shiga ta tsayar da Baba a baranda.

"Baba, na san zancen hannunka. Takardun firinta za su wanke ka, amma sai na faɗi dalili a gabansu."

Dattijon ya rufe ido. "'Yata, saura wata takwas."

"Na sani. Amma da wane suna kake so jikokinka su ji labarinka?"

Ya buɗe ido ya dube ta. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya.

A ciki ta shimfiɗa naɗin takarda a tebur, ta bi da su layi layi. Shekara biyu na kuskure kowace safiya, da dalilin kuskuren. Baba ya sunkuyar da kai, Manaja ya saki baki. Sannan ta nuna musu Lahadi, inda ba kuskure ba daidai, ta maimaita musu zancen masu gadi biyu.

"Wanda yake da kalmar sirri ba ya buƙatar ya zagaye ta," ta ce. "Wanda ya shiga ranar Lahadi ba shi da ita. Wasiƙa ya karanta." Ta juya. "Malam, kai ka gyara ɗakin takardu. Ka ci karo da wata wasiƙar Injiniya?"

"Ni takardun magani kawai na buɗe, ranki ya daɗe. Sauran kakkaɓe su na yi na jera."

"Ba ka taɓa ganinta ba?"

"Ko a mafarki."

"Madalla. To taimake ni da wani abu kafin mu ci gaba. Ga jerin kayan da ka ba ni jiya, na sa an kwafe. Zan karanto lambobin daga nawa, ka bi naka, kada a yi kuskure a kotu."

Ta fara karantawa. Kwali na ɗaya, na biyu, na uku. Malam Tsaf bai san sanda hannunsa ya tafi aljihun gaba ba. Koren biro ya fito, kuma duk lambar da ta kira sai ya ƙyasta mata maki a gefe, ɗan ƙarami, mai wutsiya a lanƙwashe. A na takwas ta daina. Ta buɗe fayil ɗin ta ajiye shafi na biyu kusa da takardarsa.

Matakai shida ne a jere. Na ɗaya zuwa na huɗu, maki bibbiyu. Na biyar da na shida, ɗai-ɗai. Duka kore, duka da wutsiyar nan.

"Wasiƙar nan shekararta tara, kai shekararka huɗu a nan," in ji Sufeto. "Me bironka yake yi a kanta? Mako uku da suka wuce ka gwada. Ka kai mataki na huɗu, abin ya katse, ka koma farko. Firinta ta buga haka, bironka ma ya buga haka. Ba ka iya bin jeri ba ka yi masa maki ba, hannunka ne ke yi, kai ba ka ma ji. Ka mayar da ita fayil don kada a ga gurbi, ka tabbata ba mai buɗewa, tunda shekara tara ba a buɗe ba."

Malam Tsaf ya ajiye biron kamar ya ƙona shi. "Koren biro ai a kasuwa ake sayarwa. Kowa zai iya..."

"Kowa zai iya. Amma ba kowane ɓarawo ne zai tsaya rabin awa a wurin sata yana jiran ƙanƙara ta yi gumi ba, kuma ya jera ta sahu huɗu, shida shida. Mutum biyu suka san wannan aikin. Ɗaya yana bencin likita."

Wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka ta buɗe murya kowa ya ji.

"Madam!" Saje ne, yana haki don daɗi. "Sabon firiji ne dal a ɗakin baƙi, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Kwali arba'in da biyu cif. Kuma Madam, kin san me? Ya manna takardar duba sanyi a jikin firijin. Safe da yamma, tun Lahadi, bai tsallake ko sau ɗaya ba."

"Da wane biro?"

"Sai kin tambaya?"

Malam Tsaf ya zauna daɓas. Ya ce wani mai kantin magani ne a wani gari ya yi masa alkawarin ɗauka ranar Alhamis. Ya ce shi bai nufi Baba da sharri ba, sunan da ke wasiƙar kawai ya kwafa, bai san yadda ake canzawa ba. Sannan ya ɗago, da ɗan abin da ya rage masa na girman kai, ya ce, "Amma maganin bai lalace ba."

"Bai lalace ba," in ji Sufeto. "Mutum ka so ka lalata. Jiya kana tsaye aka sa shi a mota, ka ce kamar uba yake a gare ka."

Aka fita da shi. Tun a ranar ta sa aka cire wayar da ke haɗa kwamfutar da waje, Injiniya na ba da umarni ta waya daga falonsa, yana faɗa yana maimaitawa, kamar mai tsoron a sake cewa a ajiye. Kafin la'asar sakaliya kwalayen sun dawo cikin kula, ana jiran mai buɗe ɗaki.

Ma'aikata suka taru a baya. Inna ma ta biyo su, da hular Baba da wani ya tsinto mata. Manaja ya matso yana murza hannu, kunya ta cika shi.

"Baba, na ci mutuncinka a gaban yaranka. Ka yafe ni. Zancen wata takwas kuma, kwalabe wasu za su ɗauka. Ɗakin dai naka ne."

Baba ya tsaya gaban tsohuwar kwamfutar, ya zaro hannunsa daga aljihu a gaban kowa. Hannun na rawa sosai, har agogonsa na kaɗawa. Ya danna maɓallan da yatsa ɗaya. Firinta ta yi ƙara: kalma kuskure. Ba wanda ya yi tari. Ya sake. Kalma kuskure. Ya ja numfashi, ya sake, sai ga "kalma daidai", ƙofa ta yi ƙas ta buɗe, sanyi ya bugo fuskokinsu.

Ya juyo, gumi na bin goshinsa, ya dubi Sufeto.

"'Yata, ruwan nan da kika ba ni jiya, har yanzu da saura?"

Saje ya ruga ya ciko kofi. Baba ya karɓa da hannu ɗaya. Kusan rabi ya zube a gaban rigar da Inna ta ɓalle masa, bai ko duba ba. Ya kafa kai a gaban mutum goma sha biyu ya shanye sauran.